Yadda na haɗa fostar taron masana da Turancin da nake koyo

Masu shirya taron masana sun amsa tsakuren bincikena da na aika da gajeren saƙo: an karɓi aikin, kuma a matsayin fosta za a gabatar da shi, wato babbar takarda mai taƙaita bincike da ake kafewa a allo, ba lacca ba. A ƙasan saƙon akwai ƙa'idoji, su na fara karantawa da ƙamus a gefe, domin duk abin da zai biyo baya a kansu ya rataya. Girman takarda A0, a tsaye ba a kwance ba. An faɗi lokacin kafewa da lokacin cirewa, da sa'ar da ake son mai aikin ya tsaya kusa da allonsa ya amsa tambayoyi. Ni malamin motsa jiki ne, aikina a fili yake, da usur a wuya da agogo a hannu. Turancina na ɗan koyo ne. Ina karanta muƙala in gane ta idan na bi ta a tsanake, amma rubutawa da magana a gaban masana, nan gizo ke saƙar.

A0 faɗinta santimita 84.1 ne, tsawonta 118.9, wato murabba'in mita ɗaya cif. Ba kowane taro ke neman wannan girman ba. Wasu A1 suke so, wadda rabin A0 ce, wasu kuma a kwance suke son fostar, kuma tarukan Amurka yawanci da inci suke ba da awo. Shi ya sa ba a buɗe kwamfuta sai an tabbatar da wannan, don fostar da aka tsara a kwance ba ta komawa tsaye sai an warware ta gaba ɗaya.

Binciken nawa ƙarami ne, a darasina na yi shi. Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yawan tsayuwar da yara ke yi a darasin da aka ce na motsa jiki ne. Ƙwallo ɗaya, dogon layi, yaro ya buga sau ɗaya ya koma baya ya jira. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce yara 'yan shekara 5 zuwa 17 suna buƙatar aƙalla minti 60 a kullum, idan aka yi ƙiyasi a mako, na motsi matsakaici zuwa mai ƙarfi. Wani binciken hukumar da aka buga a 2019, wanda ya tattara bayanan ɗalibai miliyan 1.6 daga ƙasashe 146, ya nuna kashi 81 cikin ɗari na 'yan shekara 11 zuwa 17 ba sa kai wannan, kuma abin ya fi tsanani ga 'yan mata. To idan darasin da aka ware domin motsi ya ƙare a jiran layi, me muka yi ke nan? Sai na kwatanta darussa iri biyu: na layi da aka saba, da na wasa a ƙananan rukuni, uku-uku ko huɗu-huɗu, kowane rukuni da ƙwallonsa da ɗan filinsa. Wajen aunawa na yi amfani da tsarin lura da ake kira SOFIT, wanda Thomas McKenzie da abokan aikinsa suka fitar a 1991. Mai lura zai kalli yaro ɗaya na daƙiƙa 10, ya rubuta a cikin daƙiƙa 10 na gaba ko yaron yana kwance, ko zaune, ko tsaye, ko tafiya, ko motsi mai ƙarfi, haka nan yana zagayawa tsakanin yara huɗu har a tashi. Wani abokin aikina ne ya yi lurar, ni ina koyarwa.

Da takardun lura a hannu da abin da na karanta, na ga ina da abin faɗa da zai cika shafuka. Fosta kuwa ba ta ɗaukar haka. Nan ne Malamar Turanci da ke taimaka mini ta shigo. Na fara yi mata bayani tun daga tushe, ta saurara kaɗan ta ɗaga hannu.

"Malam, dakata. In mutum ya zo wucewa ta gaban allonka da kofi a hannu, me kake so ya tafi da shi?"

Na ce, "Yara sun fi motsi idan aka raba su ƙananan rukuni."

"To rubuta wannan da Turanci. Shi kaɗai. Sauran su jira."

Wannan jimlar ta ɗauke ni lokaci fiye da kowane sashe na fostar, kuma ina ganin ta cancanci haka. Sai da na tantance su wane yara nake nufi, sun fi motsi idan aka kwatanta da me, kuma a ina. Kowace kalma da na ƙara sai na tambayi kaina ko takardun lurar sun goyi bayanta. Ba zan ce yaran sun ƙara lafiya ba, don ban auna lafiya ba. Ba zan ce sun fi iya ƙwallo ba, don ban gwada wannan ba. Abin da aka gani da ido aka rubuta shi ne raguwar tsayuwa da ƙaruwar motsi a lokacin darasi, a makaranta ɗaya. Da jimlar ta zauna sai ta zama kan fostar, kuma ta zama ma'aunin komai. Duk abin da bai taimaka wa mai karatu ya yarda da ita ko ya tuhume ta ba, waje.

A nan na fahimci cewa sana'armu ta riga ta koya mana rabin aikin. Idan ka busa usur yara suka taru, ɗan lokaci kaɗan gare ka kafin hankalinsu ya watse. Ba ka yi musu tarihin wasan, kalmomi kaɗan kake faɗa, ka nuna da jikinka, ka sake su. Mai yawo a zauren fostoci ma haka yake, yana da alluna da yawa a gabansa kuma ƙafafunsa sun gaji. Saboda haka ƙarancin Turanci ba naƙasu ba ne a wannan fagen kamar yadda muke zato. Wanda Turanci ya zauna a bakinsa yakan cika takarda da dogayen jimloli don yana iyawa. Mu da muke auna kowace kalma kafin mu ajiye ta, gajarta ta fi mana sauƙi, kuma ita fosta ke so.

Na bi jerin da aka saba a rubutun bincike: gabatarwa, hanyar bincike, sakamako, sai tattaunawa da kammalawa. Mutanen taro sun san wannan jerin, idonsu yana neman kowane sashe a inda ya saba ganinsa, don haka ban ga dalilin yi musu sabon salo ba. Gabatarwa jimloli kaɗan ce: alƙaluman Hukumar Lafiya, matsalar layi, tambayar da na yi. Hanyar bincike kuwa da zane na yi ta. Na zana fili biyu gefe da gefe, ɗaya da ɗigo-ɗigo a jere a bayan ƙwallo guda, ɗaya an yanka shi gida-gida kowane gida da ɗigonsa da ƙwallonsa. Duk malamin wasanni da ya kalli zanen nan, ko wane harshe yake ji, ya gane darasin kafin ya karanta kalma.

Wajen rubuta Turancin, ƙa'idojin da Malama ta kafa mini kaɗan ne. Abin da na yi da abin da na samu, a shuɗaɗɗen lokaci. Abin da aka sani a duniya da abin da nake ba da shawara, a lokacin yanzu. Jimla ɗaya, magana ɗaya. Idan na zaɓi suna ga wani abu, kamar rukunin layi da rukunin wasa, to in riƙe shi daga sama har ƙasa, kada in canza don ado, domin mai karatu zai ɗauka wani abu na uku nake nufi. Kalmomin fanni kuma ba daga ƙamus na ɗauko su ba, daga muƙalun da masana fannin suka rubuta na tsinto su. Na buɗe littafi na musamman, duk inda na ga yadda suke faɗin "an lura da ɗalibai" ko "an samu izinin iyaye" sai in kwafe siffar jimlar in zuba nawa bayanin a ciki. Ɗaukar siffar jimla koyo ne. Ɗauke jimlar mutum ɗungurungum da ra'ayinsa ba tare da ambatonsa ba sata ce, kuma masana ba sa yafe ta. Manhajojin fassara na yi amfani da su wajen duba abin da na riga na rubuta, amma ban bar su su rubuta mini ba, saboda dalili mai sauƙi: duk jimlar da ke kan takardar nan ni za a tambaya a kanta, ina tsaye, babu waya a hannu. Jimlar da ba zan iya faɗinta da bakina in kuma bayyana ta ba, ba ta hau fostar ba, komai kyanta.

Tsarin shafin a PowerPoint na yi shi. Ana shiga wurin girman shafi a sa 84.1 da 118.9 tun kafin a ajiye komai. Manhajar tana karɓar har inci 56 a kowane gefe, kusan santimita 142, don haka A0 ta shiga ba matsala. Kafin nan na kalli bidiyon da Mike Morrison ya saka a YouTube a 2019, lokacin yana ɗalibin digirin digirgir a Jami'ar Jihar Michigan. Shawararsa ita ce a rubuta babban sakamakon da manyan haruffa cikin harshe mai sauƙi a tsakiyar fosta, a tura sauran bayani gefe, a sa lambar QR ga mai son cikakken aikin. Mutane da yawa sun karɓi tsarin, wasu kuma sun soke shi da cewa yana cinye wurin da ya kamata hujja ta zauna. Ni rabinsa na ɗauka. Sakamakon ya hau sama da manyan haruffa, amma tsakiyar takardar na bar wa jadawali, don a ganina magana mai ƙarfi ba ta da amfani idan mutum bai ga abin da ta tsaya a kai ba.

Jadawalin guda ɗaya ne, sanduna biyu a kwance, kowace an raba ta gwargwadon lokacin tsayuwa, tafiya da motsi mai ƙarfi. Na rubuta sunan kowane yanki a jikinsa maimakon a wani akwati can gefe, don kada ido ya yi ta kai da komo. Ja da kore ne suka fara zuwa mini a rai, amma a wasu al'ummomi kusan namiji ɗaya cikin 12 ba ya bambance su da kyau, sai na ɗauki shuɗi da ruwan lemo, waɗanda ko an buga su baƙi da fari za a ga bambanci. Bango fari, rubutu baƙi. Kan fostar na sa shi sama da maki 80 a ma'aunin girman haruffa, kanun sassa wajen 40, jikin rubutu kuma bai sauka ƙasa da 24 ba. Na bar fili da yawa babu komai. Da farko yana yi wa mutum kama da asara, amma shi ke sa ido ya huta ya san inda zai dosa.

Batun hoto ba na wasa da shi, domin yara ne. Izinin shugaban makaranta da na iyaye a rubuce na samu tun kafin a fara lura, kuma na faɗi haka a layi ɗaya a sashen hanyar bincike, don tambaya ce da ake yi. Duk da izinin, hoton da na zaɓa daga nesa aka ɗauke shi, ta baya, ba a ganin fuskar kowa ko bajon makaranta. Fosta tana rataye a bainar jama'a, kowa yana ɗaukarta a waya, ba ka san inda hoton zai ƙare ba. Ta fuskar inganci kuma, hoton da zai fito da faɗin santimita 20 yana son ɗigon hoto, wato pixel, kusan 1200 a faɗinsa, in ba haka ba zai fashe a bugu. Wanda aka turo ta WhatsApp yawanci an riga an matse shi, gara a nemi na asali daga wayar da ta ɗauka.

Gwajin da ya fi yi mini amfani bai ci komai ba. Na buga fostar a takardar A4, wadda kowane gefenta kashi ɗaya cikin huɗu ne na A0, na riƙe ta iya tsawon hannu. Abin da ban iya karantawa a haka ba, mai tsaye nesa da allon ma ba zai iya ba. Sai na miƙa takardar ga wani malamin lissafi wanda bai san komai game da aikin ba, na bar shi da ita ɗan lokaci kaɗan, na karɓe, na ce ya gaya mini abin da na gano. Ya faɗa daidai. Amma ya tambaye ni wa ya yi lurar, alamar cewa wannan layin ya ɓuya a cikin rubutu, sai na fito da shi fili. Malama ta yi karatun ƙarshe da jan biro, ta fi mai da hankali kan ƙananan kalmomin nan da ke gaban suna a Turanci da harafin jam'i, waɗanda idon ɗan koyo ke tsallakewa. Daga nan na mai da fayil ɗin PDF don kada haruffa su sauya a kwamfutar madaba'a, na roƙi takarda marar ƙyalli saboda fitilun zaure, na duba gwajin bugu kafin a fitar da babbar. Akwai masu bugawa a kan yadi, wanda ake ninkewa a sa a jaka. Ni takarda na yi, na naɗe ta a bututun kwali, na riƙe ta a hannuna duk tafiyar, da kwafin fayil ɗin a waya ko da wani abu zai faru.

Duk wannan rabin shiri ne. Sauran rabin baki ne, kuma shi ne abin da ya fi tsorata mai koyon harshe. Na shirya bayani kala biyu, na minti ɗaya ga mai sauri, da na minti uku ga wanda ya tsaya. Ban haddace su kalma da kalma ba, domin mai hadda idan aka katse shi a tsakiya sai zaren ya tsinke. Matakai na riƙe: matsala, abin da na yi, abin da na gani, abin da nake ba malamai shawara, kuma kowane mataki yana da wurin da yatsana zai nuna a kan fostar. Na manna ƙaramin kwafin a bango, ina yi ina ɗaukar muryata a waya ina saurare. Da sauraren na gano kalmomin da harshena ke tuntuɓe a kansu. Wasu na nemi yadda ake furta su a ƙamus na intanet mai murya na yi ta maimaitawa, wasu kuma na sauya su da masu sauƙi.

Sai Malama ta koma mai tambaya. Ta zauna ta haɗe rai kamar baƙuwa, tana jefo tambayoyi da sauri da gangan. Yara nawa? 'Yan shekara nawa? Me ya sa makaranta ɗaya? Yaya 'yan mata suka yi? Malamin da ba shi da ƙwallaye da yawa fa? Na rubuta amsar kowace a jimla biyu. Ta kuma koya mini abin da na fi buƙata: yadda zan ce a maimaita mini tambaya a hankali, yadda zan mayar wa mutum tambayarsa da kalmomina don in tabbatar na gane, da yadda zan ce wannan ban auna shi ba.

"Malam, babu kunya a ce a maimaita," in ji ta. "Mafi yawan waɗanda za ka gani a can su ma koyon Turancin suka yi."

Haka kuwa na tarar. Na isa da wuri, na nemo lambar allona, na kafe fostar da fil ɗin da aka tanadar, na ja da baya na duba ko ta miƙe. Da aka buɗe zauren sai ka ji Turanci iri-iri, kowa da karin harshen uwarsa, kuma ana fahimtar juna. Na tsaya a gefen allon, ba a gabansa ba. Idan mutum ya rage tafiya ya ɗaga kai, nakan bar shi ya gama karanta kan, sannan in gaishe shi in tambaya ko yana son in zagaya da shi a taƙaice. Wasu su ce a'a su wuce, wasu su ɗauki hoto, wasu su tsaya. Na lura yatsun mutane zanen filayen nan biyu suke fara nufa, kafin jadawali ma.

Wata dattijuwar farfesa ta daɗe a gaban sashen hanyar bincike, gilashinta a kan hanci. Ta juyo ta yi mini tambaya doguwa wadda rabinta kawai na kama. Na roƙe ta ta maimaita, ta maimaita a hankali ba tare da wani nuna gajiya ba. Tambayarta ita ce, tun da mutum ɗaya ne ya yi lurar, kuma ya san abin da nake fatan samu, ta yaya zan tabbatar idonsa bai karkata ba? Na ce mata gaskiya ne mai lura ɗaya ne, kuma na rubuta haka a cikin iyakokin binciken, na nuna mata layin. Ta gyaɗa kai, ta ce a tsarin SOFIT akan sa mutum biyu su lura da darasi ɗaya kowa da takardarsa, sannan a gwada yawan inda suka dace, kuma idan na yi haka aikin zai iya zama muƙala. Ta ciro biro ta rubuta mini sunayen marubutan da zan nema a bayan ƙaramin kwafin da nake rabawa.

Bayanta wani malamin firamare daga wata ƙasa ya zo, Turancinsa bai kai nawa ba. Matsalarsa yawan yara da ƙarancin fili. Da kalmomi suka ƙare mana sai ya karɓi birona ya zana filinsa a takarda, ni kuma na yanka masa shi gida-gida na nuna yadda rukuni za su riƙa juyawa, wasu da ƙwallo wasu da wasan guje-guje da ba ya buƙatar kaya. Muka yi musayar adireshin imel. Da sa'ar cirewa ta yi na naɗe fostar, domin wadda aka bari bayan lokaci masu zauren kan kwashe ta. Tun a hanyar dawowa na tura wa abokin aikina saƙo cewa zangon karatu mai zuwa muna buƙatar mai lura na biyu, kuma sai mun horar da su biyun da bidiyon darasi kafin su shiga fili.